Shekarar da Dogonmu Ya Koma Bakura

A Talata Mafara, idan ka ce ƙwallo, ƙwallon ƙafa ake ji. Mu masu son ƙwallon kwando ba mu da yawa, kuma ko a cikinmu ni ne wanda bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga zobe ba. Malamin gona ne ni, aikina yana can fadamun da ake noman rani da ruwan dam, kuma hanyata ta dawowa gida tana bi ta bayan katangar kwalejin garinmu. Akwai wurin da katangar ta gajarta, daga kan babur kana hango filin siminti da allunan nan biyu masu zobe. Da farko tsayawa nake yi kawai in sha iska. Daga baya na fara shiga ta ƙofa, har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo.

A gefen filin akwai darbejiya, a ƙarƙashinta kuma akwai wani dogon benci da muke zama bayan la'asar: ni, da wani mai kyamis, da wani tsohon soja, da wasu da ke zuwa idan sun ga dama. Duk shekara, idan ɗalibai suka dawo hutu, kafin a fara karawa da sauran kwalejoji, sai 'yan bencin su juyo su tambaye ni yadda nake ganin ƙungiyar bana. Ban san yadda aka yi wannan ya zama aikina ba. Ina jin don na taɓa cewa za mu sha kashi a wata shekara, muka kuwa sha, shi ke nan aka ɗauke ni masani. Ni ma na karɓa. Nakan yi makonni ina kallon atisaye, ina lura da wanda ya ƙara jiki da wanda ya rame, da wanda hutu ya kashe wa ƙafa, sannan in yanke hukunci ina gyara hula.

Shekarar da nake ba da labari, tun kafin a dawo hutu na gama yanke nawa hukuncin. Bana tamu ce. Dalilina ɗaya ne, wani saurayi Bafulatani daga Damaga, wanda kowa ke kira dogonmu. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. Ya zo kwalejin bai san komai ba game da wasan, tsohon kocinmu ne ya gan shi yana alwala a bakin famfo, ya bi shi har masallaci ya jira ya sallame. A shekararsa ta farko dariya ake yi masa, don idan ya kama ƙwallo rungume ta yake yi ya tsaya yana waige. A ta biyu kuwa babu mai iya karɓar ƙwallo a ƙarƙashin zobe in yana nan. Mun kai wasan ƙarshe na yankinmu, 'yan Bakura suka cinye mu da kyar bayan an fitar da shi saboda laifuffuka sun yi masa yawa. Na ce da kaina, bana ya ƙara wayo, babu mai tsayar da shi.

Ba a fili kaɗai na san shi ba. Lokacin da bai sami ɗakin kwana a makaranta ba, a shagon da ke zauren gidana ya zauna. Matata ta saba zuba masa tuwo a kwano mafi girma, tana cewa abincin sai ya yi tafiya kafin ya kai inda za shi. Yana kirana Kawu. Idan ya je gida ya dawo, ba ya rasa ƙwaryar nono ko man shanu daga innarsa.

Ɗalibai suka dawo, shinkafar damina ta fara nuna, rana tana dukan simintin nan har kana jin zafinsa ta cikin takalmi. Ranar da aka fara atisaye na je da wuri. Abu na farko da na tarar, tsohon kocinmu ya yi ritaya ya koma garinsu. An kawo sabo, wani siririn matashi mai tabarau, wanda ban ji ya ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Abu na biyu, dogonmu bai zo ba. Na ce ƙila hanya ce, mutanen Damaga ba sa fitowa sai sun ji labarin hanya tukuna. Na kira wayarsa, a kashe.

Na zauna na kalli waɗanda suka zo, ban gane abin da nake gani ba. Kyaftin ɗinmu na bara ya gama karatu. Wanda ya kamata ya gaje shi ya dawo da gwiwa a ɗaure, yana cewa ya faɗi a babur. Saura duk gajeru ne, wasu ma ban fi su da komai ba. Akwai wani bahago daga Dosara, wanda bara ke zaman benci saboda saurin fushi, shi sabon kocin ya damƙa wa ƙwallo. Kuma maimakon a koya musu tsayuwa a ƙarƙashin zobe kamar yadda na saba gani, sai gudu kawai suke yi daga wannan allo zuwa wancan, suna jefa wa juna ƙwallo ba tare da ta taɓa ƙasa ba, duk wanda ya sami sarari ya harba daga nesa. Yawancin harbin bai shiga. Kocin sai ya gyada kai ya ce a sake.

Bayan an tashi na je na gaishe shi, na gabatar da kaina, na tambaye shi labarin dogon. Ya ce ya ji ana maganarsa amma bai taɓa ganinsa ba, kuma shi da waɗanda ke gabansa yake aiki. Na ce masa ƙwallon kwando ai wasan dogaye ne. Ya yi murmushi ya ce haka ne, amma dogo ma sai ya iso wurin kafin ya yi tsawon. Na yi ta juya wannan magana a kan babur har gida, ban san ko hikima ba ce ko kuwa ba'a ya yi mini.

A benci kowa da labarinsa. Mai kyamis ya ce an yi wa dogon aure, ya bar karatu. Tsohon soja ya ce wani ya gan shi a tashar Gusau da jaka, wata ƙungiya ta Kaduna ta ɗauke shi. Wani ɗalibi ya rage murya ya ce an shiga wajen su Damaga cikin damina, an kora shanu. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Kowa a nan ya san irin abin da ke faruwa a ƙauyukanmu, kuma idan waya ta daɗe a kashe, ba ka son ka ƙarasa tunanin.

Ranar kasuwar Maradun na shiga mota na tafi. Na zaga kara, wurin da ake cinikin dabbobi, ina tambayar mutanen Damaga. Ba shi da wuyar kwatance, da na ɗaga hannu sama sai su ce sun gane. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce gaskiya ne an kora shanun gidansu, amma ba a taɓa kowa ba, sun dai tashi. Na ce ina suka nufa? Ya ce Janbako. Na kusa da shi ya ce a'a, waɗanda suka tafi Janbako gidan baffan dogon ne, shi da innarsa sun yi yamma, wurin wani ɗan'uwanta. Suka shiga musu a tsakaninsu, har suka mance da ni. Na dawo Mafara da sanin cewa yana raye, ban san komai bayan wannan ba.

Kwana biyu bayan haka taubashina ya kira ni. Ɗan ƙanen mahaifiyata ne, yana koyarwa a wata firamare a Bakura, kuma shi ne babban mai goyon bayan ƙungiyar kwalejin can. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba. Bara da suka cinye mu, sai da ya aiko mini da kwandon tumatir fanko. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da zafi, ya tambayi shinkafa, sannan ya ce, "Taubashi, in ji an ce kuna cigiyar wani dogo. Ka zo Bakura gobe da la'asar, akwai abin da munka tsinta."

Na ɗauka wasansa ne na kullum. Amma na je.

Filinsu ya fi namu tsufa, simintin ya tsattsage, ciyawa na leƙowa. Tun daga nesa na gane shi, ba sai an nuna mini ba. Yana sanye da koriyar rigar 'yan Bakura, wadda ta yi masa kaɗan har cibiyarsa na fitowa idan ya ɗaga hannu. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ba a ƙarƙashin zobe yake ba. Yana can waje, bayan layin maki uku, yana harbi kamar gajeren mutum. Da ya hango ni ya saki ƙwallon, ya taho ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane, ya ƙi ɗago kai. Na ce ya tashi. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, na yi masa jajen shanu, ya ce ƙaddara ce. Taubashina yana tsaye a gefe yana cin gyaɗa, fuskarsa fal murna.

Bayan atisaye dogon ya ce sai na je na gaida innarsa. Gidan kawunsa yana bayan kasuwa, an ba su ɗaki ɗaya da rumfa. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, tana ba da haƙuri cewa nonon na saye ne. Ta gode mini kan riƙon da muka yi wa ɗanta, ta yi wa matata addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, ba tare da na tambaya ba, "Malam, ni ban ce shi bar Mafara ba. Shi yac ce ba shi bari na. Tun da munka taso ba ni iya barci sai na ji motsinai a rumfa."

Na ji kunya ta kama ni, don a hanya na shirya maganganu, har da cewa tsakanin Bakura da Mafara ba wata tafiya ba ce, yana iya zuwa ya dawo. Na haɗiye su duka. Na ce ya yi daidai, uwa ta fi komai. Na tashi da zuciya ɗaya, na gamsu cewa larura ce ta raba mu da shi.

Amma da ya rako ni bakin hanya, sai ya warware mini wannan ma. Ya ce a kwalejin nan ana koyar da kiwon dabbobi, abin da ya daɗe yana so ke nan, can Mafara lissafin kasuwanci yake karantawa ba ya gane komai. Sannan ya ce, "Kawu, can shekara biyu an aje ni ƙarƙashin zobe kamar turke. In na matsa a yi min tsawa. Nan an bar ni in yi wasa."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce ya ɗauki waya sau da yawa, ya kasa, daga baya ma wayar ta lalace. Na tambaye shi ko taubashina ne ya nemo masa canjin makaranta. Ya ce ya dai taimaka da takardu. A kan hanyar dawowa na kasa tsayar da tunanina wuri ɗaya. In don innarsa ya zauna, ba ni da ta cewa. In don karatu ne, ai alheri ne. In don an bar shi ya yi harbi daga nesa ne, to wannan wauta ce, don na ga harbin da idona, bai fi na makaho ba. In kuwa taubashina ne ya yi amfani da halin da suka shiga ya janye shi, to wannan ya wuce wasan taubasai. Har yau ban san wanne ne ya fi nauyi a ciki ba. Na taɓa tambayar taubashin nawa kai tsaye, ya ce shi dai ya ga baƙo mai tsawo a garinsu ya yi masa masauki, ya kuma tambaye ni ko zan aiko masa da kwandonsa.

Da na gaya wa matata, ba ta ga wani abin ruɗani ba. Ta tambayi ko ya rame, ta tambayi ko tsohuwar tana da katifa. Washegari ta ɗaura garin masara da kuka da daddawa ta ce in kai musu idan zan sake zuwa. Na ce mata yanzu fa ɗan Bakura ne, da shi za a yaƙe mu. Ta dube ni ta ce ita ba ta san an raba tuwo gari-gari ba.

Ranar da 'yan benci suka nemi hukuncina, na daɗe ina gyara hula. Na fara da cewa ba mu da tsawo, duk ƙwallon da ta daki zobe ta dawo ta abokan karawa ce, don haka bana sai haƙuri. Mai kyamis ya gyada kai. Sai kuma na ji kaina ina cewa amma yaran nan suna da gudu, na ga bahagon Dosara ya jefa maki uku a jere har na daina ƙirgawa, in ya riƙe fushinsa ba a san inda za mu tsaya ba. Tsohon soja ya ce to wanne ke nan, za mu ci ko za a cinye mu? Na ce ya danganta da gwiwar wancan da ya faɗi a babur, da kuma ko kocin ya san abin da yake yi ko kuwa gwaji yake yi da mu. Aka tambaye ni 'yan Bakura fa, tunda sun sami dogon? Na ce sun fi kowa ƙarfi, sai dai suna ɓata shi, don haka ba su da ƙarfi. Tsohon soja ya ce tun da yake bai taɓa jin bayani mai tsawo da babu komai a cikinsa irin wannan ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma gaskiyar abin da ke kaina ke nan na faɗa.

Kafin a buɗe gasar aka shirya wasan sada zumunta, 'yan Bakura suka zo filinmu. Mutane sun taru fiye da yadda aka saba, har masu acaba sun jera babura a inda katangar ta gajarta. Da dogon ya sauko daga mota wasu ɗalibai suka fara yi masa ihu suna kiransa maci amana. Ban san lokacin da na miƙe na daka musu tsawa ba. Suka daina ihun suna kallona, don sun san ni a matsayin wanda ya fi kowa zafin son ƙungiyarmu. Taubashina ya zo ya matsa ya zauna kusa da ni a benci, ba wanda ya gayyace shi.

Aka busa usur. Gajerunmu suka fara gudun nan nasu, kuma a karon farko na ga amfaninsa. Kafin dogon ya juyo daga wancan allo, sun riga sun jefa sun koma. Shi kuwa ya tsaya a waje yana harbi, ƙwallo na dukan allo tana dawowa. Duk wadda ya zubar sai in ji wani abu ya soke ni, alhali zubarwar riba ce gare mu. Can ya sami ɗaya ta shiga daga nesa, ko zoben ba ta taɓa ba. Na tafa, ni kaɗai a duk bencinmu. Mai kyamis ya juyo ya dube ni, na mayar da hannuwana cikin aljihu.

Bayan hutun rabin lokaci kocinsu ya gaji, ya tura shi ƙarƙashin zobe. Nan take wasan ya juye. Ya riƙa tsinke ƙwallo daga saman kawunan yaranmu, ya share tazarar da muka ba su cikin ɗan lokaci. Abin da na yi shekara ina mafarki ke nan, ga shi ina gani, amma a kanmu ake yi. Na lura kuma ba ya murna. Yana jefawa ya juya fuska a ɗaure, kamar mai sauke buhu daga mota. Bahagonmu ya yi fushi ya ture wani, na ce shi ke nan ta ƙare, sai kocinmu ya kira shi ya yi masa raɗa, ya koma ya jefa biyu daga kusurwa. Muka ci da tazara kaɗan.

Fili ya kaure, tsohon soja ya rungume ni. Taubashina ya ce wasan sada zumunta ba wasa ba ne, ya nemi in ba shi goro. Dogon ya zo ya gaishe ni, gumi na zuba, ya ce, "Kawu, kun yi ƙoƙari." Na rasa ko in ce mun gode ko in ce sannu, sai na ce ya gaida innarsa.

Da na isa gida na zauna a tsakar gida. Matata ta ajiye abinci, na ɗan taɓa na ture. Ta ce in yi haƙuri, wata rana mu ma za mu ci. Ban gyara mata ba. Sai washegari ta ji a wurin maƙwabta cewa mu muka yi nasara, ta dawo ta tsaya a kaina tana tambaya ko lafiyata ƙalau.

Gasar da kanta ba ta warware komai ba. Mun cinye waɗanda ban zata ba, waɗanda na raina kuma suka lallasa mu. Gwiwar wancan da ya faɗi a babur ba ta warke ba. Bahagon ya zama gwarzo a wasu ranaku, a wasu kuma a kore shi tun kafin a yi nisa. Mun tsaya a tsakiya, 'yan Bakura ma haka. Dogon bai ƙarasa kakar wasan ba. An fara fita da su aikin gwaji a rugage, lokacin atisaye ya ci karo da shi, ya zaɓi dabbobin. Taubashina ya kira ni ya yi ta faɗa kamar ni na sa shi.

Na sake ganinsa bayan girbi, a karar Maradun, na je sayen ragon suna na wani ƙanena. Yana tsaye cikin farar riga tare da malaminsu, ya danne wuyan wani bijimi da hannu ɗaya yana yi masa allura da ɗayan, makiyaya sun kewaye shi suna jiran layi. Da ya gama ya wanke hannu ya zo muka gaisa. Ya ce innarsa ta fara barci, har ta sayi tunkiya biyu. Ya tambayi bahagon, ya ce in gaya masa ya daina kallon ƙafarsa kafin ya yi harbi, kowa ya gane shi. Sannan ya duba ragon da na riƙe, ya buɗe bakinsa, ya taɓa cikinsa, ya ce in mayar in ɗauki wancan mai baƙin kunne. Na mayar, na ɗauki mai baƙin kunnen, ya taya ni ɗora shi a bayan mota.